Tafintan Jan Kunne

Ni ne Barma ɗan Kiyari, tafinta,
mai cin tuwo da harshe biyu.
Na tsinci Larabcin fatake a Zango,
shi ya tsinci nasa a Tarabulus, bakin teku,
muka haɗu a tsakiya
kamar makafi biyu da sanda ɗaya.

Ayarin Gadamas ne ya sauke shi
tare da takarda da kanumfari da allurai.
Sunansa ya ƙi zama a bakinmu,
yara suka raɗa masa Jan Kunne,
ya amsa, yana zaton sarauta ce.

Ya ce Ingila tsibiri ce,
ruwa gabas, ruwa yamma.
Na dubi duwatsun Damagaram,
na dubi rijiyar da matanmu ke kwana a bakinta,
na ce a raina: mai ruwa haka, me ya fito nema?

Ranar gaisuwa, a ƙofar fada,
na ce masa: tuɓe takalmi.
Ya ce ƙafarsa ƙafar sarkinsa ce, ba ta tsiraici.
Na shiga na durƙusa na ce:
baƙo na fama da gyambo, a yi masa uzuri.
Aka ce Allah ya sawwaƙe.
Da yamma aka aiko masa da sassaƙe da man kaɗe.

Ya miƙa agogo, ya ce in faɗa
hannunmu ba zai ƙera irinsa ba har abada.
Na ce: yana cewa kyautar ta yi kaɗan, a yi haƙuri.
Wani dattijo ya kara abin a kunne, ya ce:
tambaye shi, ba su da rana ne can,
da suke tsare lokaci a akwati yana kuka?
Na juya na ce masa: sun yaba.

A kasuwa ya taya gashin jimina.
Tsahara ta ce albarka.
Ya kai hannu zai naɗe kaya,
yana zaton addu'a aka yi masa.
Da dare, gaban fitila, ya karanta mini abin da ya rubuta:
mutanen da ke ƙi da kalmar alheri
ba abin yarda ba ne.
Ni kuwa a gidanmu aka koya mini
a hana mutum ba a tsinka shi ba.

Wuri ya raina, ya ce kuɗin wasan yara,
amma zambar goma sai da ya ƙirga sau uku
har ya kama fatoma da wuri bakwai.

Sai ranar da na kai shi majema.
Ya toshe hanci da ƙyalle.
Nomau na tsaye cikin ruwan bagaruwa,
hannu ja har gwiwa da karan dafi.
Jan Kunne ya ɗaga kirgi ɗaya, ya shafa,
ya manta da ƙyallen, ya sunsuna.
Ya ce: wannan na san ta, ta Maroko ce,
da ita ake wa manyan littattafanmu riga.
Wa ya kawo muku?
Na ce: watan jiya akuyar nan
tana cin dusa bayan katangar can.
Ya yi dariya har da riƙe ciki,
ya ce tafinta ba ya rasa ƙarya.

Ita kaɗai na kai masa ba gishiri,
ita ce kuma bai ɗauka ba.

Ran tafiya, ana ɗaure wa raƙuma kaya,
littafinsa ya zame ya faɗi.
Nomau ya ɗauka, ya kakkaɓe,
ya bi gefen jar rigar da babban yatsa
har ya tsaya kan wani ɗan tsagu
irin wanda wuƙar ubansa ke bari.
Ya daɗe bai ce komai ba.
Sannan ya miƙa, ya ce da ni:
gaya masa ya riƙa shafa mata mai,
ta yi nisa da gida.

Na buɗe baki.
Madugu ya yi kira, raƙumi ya tashi.